Ziyarar da Na'ura Ta Goge

Bagudo, 9 ga Yuni, 2024

Ƙawata Rahma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam Sufyan da yara. Yaya Birnin Kebbi, yaya ruwa? Nan damina ta sauka, har an fara shuka wajen Geza. Mama na gaishe ki, ta ce tun da aure ya ɗauke ki ba ta ƙara samun mai yaba miyar agushinta kamar ke ba.

Albishirinki, na samu aiki. Wata ƙungiya ce mai kula da mata masu juna biyu ta buɗe ofis a nan, ta ɗauke mu mu shida. An ba kowa babur, da abin awon jini, da ƙaramar kwamfutar hannu. Ni aka ba ƙauyukan da ke bayan Lolo har zuwa bakin iyakar Benin, saboda ina ɗan jin Dendi.

Kin san wa ke shugabancinmu? Dapo. Shi dai wanda kike tsokanata don ina ce masa Buroda, kamar yayana na jini. Kin tuna lokacin da mahaifiyarsa ta rasu, Mama ta ɗauko shi ya zauna gidanmu shekara biyar, har ya gama sakandare. Yanzu ya zama babban mutum, amma ranar Lahadi in an tashi coci har yau gidanmu yake cin abinci. Da na ga shi ne, sai hankalina ya kwanta.

Tsarinsa a fili yake, ba ɓoye-ɓoye. Ya kafa allo a ofis da sunayenmu. Wadda ta kai ziyara arba'in a mako, za ta samu man babur da hutun Asabar. Wadda ta gaza, takardar gargaɗi. Gargaɗi uku, sallama. Ranar farko ya ce mana, "Ni ba na son dogon labari. Ku ba ni adadi, in ba ku haƙƙinku."

Ita ma na'urar halinta ɗaya da nasa. In na je gidan mace, sai in buɗe sunanta, in cika abin da na auna, na'urar ta ɗauki wurin da nake, sannan in danna aikawa. In ɗaya daga cikin waɗannan bai kammala ba, sai ta zubar da ziyarar gaba ɗaya, kamar ban je ba. Dapo ya ce da gangan aka yi ta haka, ko duka ko babu, don kada a tara rabin bayani a kan lafiyar mutane. Na ga hikimar abin.

Ki taya ni addu'a. Ki shafa mini kan yara.

Taki,
Adenike

Bagudo, 4 ga Agusta, 2024

Rahma ƙawata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu saƙonki da turaren da kika aiko ta hannun direba, na gode ƙwarai. Yaya jikin ƙaramar ɗiyarki? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni kam lafiya lau, sai dai aikin ya zo da wata matsala da ban zata ba. Akwai wata tunga da ake kira Tungar Maliki, da wasu uku kusa da ita, dab da iyaka. Da zarar na wuce gonakin shinkafa, sai na'urar ta saki sabis ɗin Najeriya ta kama na Benin. Ina zaune a tsakar gidan mutane, cikin ƙasarmu, amma ita a wajenta na ƙetare. Sai in gama awo, in danna aikawa, ta yi ɗan juyi ta goge komai. Mako guda na yi ziyara arba'in da uku, allo ya nuna sha tara.

Safina, wadda muke aiki tare, ta ce in yi wa kaina faɗa in riƙa zagaya unguwannin cikin Lolo kamar yadda kowa ke yi a nasa yankin. Ban ga laifinta ba, tana da yara huɗu. Amma a Tungar Maliki akwai wata mai suna Ni'ima, cikinta na fari, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, jininta kuma hawa yake yi. Surukarta ta riƙe hannuna ta ce, "Likita, in ba ki zo ba, wa za shi zo?" Wace amsa zan ba ta?

Sai na samu Dapo a ofis na nuna masa komai. Ya daɗe yana kallon na'urar. Ya ce in ya kai ƙara sama yanzu, za a dakatar da lissafin yankinmu duka har a bincika, alhali mu ne na ɗaya a jiha. Ya ce in ba shi lokaci. In ci gaba da zuwa, in riƙa rubuta kowace ziyara a littafi da hannu, da rana da sunan gida. Shi kuma ba zai ba ni gargaɗi ba, amma sai in karɓar masa koyar da sababbin ma'aikata kowace Asabar. Da zan fita ya ce, "Nike, je ki yi aikinki, ina bayanki."

Haka muke tun lokacin. Asabar tawa ta tafi, man babur kuma ni ke saye. Hanya duk laka ce, sau biyu ina faɗuwa, gwiwata ta hagu har yanzu ba ta daina ciwo ba. Amma jinin Ni'ima ya ɗan sauka, kuma mijinta Attahiru ya yarda zai kai ta asibiti kafin naƙuda, bayan na sha fama da shi. Shekaranjiya sun ba ni ƙwan zabi ashirin, na ƙi, surukar ta ɗaure su a bayan babur ban sani ba sai da na iso gida.

Kada ki damu da ni. Ɗan'uwana ne ke riƙe da ofishin.

Taki har kullum,
Adenike

Bagudo, 22 ga Satumba, 2024

Rahma,

Ina fatan kuna lafiya ke da maigida da yara. Ki yafe mini rashin ɗaukar wayarki kwanakin nan. Na san in na ji muryarki ba zan iya magana ba, shi ya sa na zaɓi takarda.

An kore ni.

Ranar Talata masu bincike biyu suka zo daga Abuja, mace da namiji. Ashe na'urar tana goge aikin da na yi, amma tana ajiye shaidar cewa an buɗe ta. Suka zo da takarda mai nuna cewa sau ɗari biyu da sha ɗaya an buɗe na'urata a kan sabis ɗin wata ƙasa, kuma ba ziyara ko ɗaya da ta shiga. Suka haɗa da magungunan ƙarin jini da na karɓa daga sito a waɗannan ranaku. Kin ga yadda abin ya fito? Wai ina ƙetara iyaka da maganin ƙungiya ina sayarwa.

Ban ji tsoro ba, wallahi har murmushi na yi. Tun ranar Litinin Dapo ya karɓi littafina, ya ce zai haɗa bayani a kansa ya gabatar musu. Sai na ce su tambayi shugabana, ya san komai.

Matar ta juya ta tambaye shi ko ya san da wata matsala a na'urar, kuma ko shi ya ba ni izinin aiki a wajen tsari. Rahma, ina kallonsa. Ya gyara zama, ya ce ba a taɓa kawo masa ƙorafi a rubuce ba. Ya ce ya lura adadina ya yi ƙasa, yana shirin ɗaukar mataki. Na ce, "Buroda, littafin fa?" Ya ce cikin Turanci, ba tare da ya dube ni ba, ofis ba ya aiki da wani littafi sai abin da ke cikin na'ura.

Na roƙe su mu hau mota mu je Tungar Maliki, tafiyar awa biyu ce, su tambayi matan da bakinsu. Namijin ya duba agogo ya ce hanya ba kyau, kuma suna da wata ƙaramar hukuma gobe. Suka karɓi makullin babur da na'urar da abin awon jini. Safina ta raka ni bakin titi tana kuka, amma a gaban masu binciken ba ta ce uffan ba, ita da ta ga lakar da ke jikina kullum.

Da yamma na tare shi a ƙofar ofis. Ban ɗaga murya ba. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Nike, mu yi gaskiya. Me muka yi da ke? Na ce ba zan ba ki gargaɗi ba, ke kuma ki riƙe mini Asabar. Kin riƙe, ni ma ban ba ki gargaɗi ko ɗaya ba. Ban taɓa cewa zan ƙona kaina a gaban mutanen Abuja ba." Na ce ai ya ce yana bayana. Ya ce wannan magana ce irin ta baki.

Maganar ta riga ta zaga gari. Mai shagon magani da ke kusa da tasha, wanda ya san ni tun ina yarinya, jiya ya kawar da kai da na gaishe shi. Ban gaya wa Mama rawar da Dapo ya taka ba. Na ce mata kwangila ce ta ƙare.

Ki sa ni a addu'a.

Adenike

Bagudo, 27 ga Oktoba, 2024

Ƙawata ta ƙwarai,

Gaisuwa da godiya. Wasiƙarki ta zo, na karanta ta ya fi sau biyar. Ki yi wa Malam Sufyan godiya da ya ce zai zo ya roƙi Dapo. Don Allah kada ya zo. Ki bari in ba ki labari, za ki gane.

Da farko abin daɗi. Ni'ima ta haihu, namiji. Jinin ya hau mata sosai a ƙarshe, amma Attahiru ya cika alkawari ya kai ta asibiti da wuri, aka yi mata aiki, ita da jaririn suna lafiya. Ya zo har gida ranar kasuwar Lolo ya gaya mini. Ya ce, "Likita, an ce an raba ki da aiki. Mi kika yi musu?" Na ce ban sani ba.

An gyara na'urar. Mako uku bayan tafiyata aka aiko da sabuwar manhaja wadda ba ruwanta da sabis ɗin da ta kama. Safina ce ta nuna mini sanarwar a wayarta. An yaba wa Dapo da ya gano matsalar ta hanyar bin diddigi, har an jera tungayen huɗu da ranakun da abin ya faru. Ranakun nan ni na rubuta su, da hannuna, wasu ina zaune a kan turmi. An ƙara masa girma, wata mai zuwa zai koma babban ofis. Yanzu Safina ke zuwa Tungar Maliki, kuma ziyararta na shiga. Na yi murna saboda matan. Bayan ta tafi na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Lahadin da ta wuce ya zo gida bayan coci. Mama ta zuba masa abinci ya ci. Da ta shiga ciki, sai ya fito da takardu biyu. Ɗaya ta shaida ce, mai cewa ni ma'aikaciya ce ta gari, wadda zan nemi aiki da ita ko'ina. Ɗayar kuma in sa hannu cewa ni ce ban sanar da ofis matsalar a kan lokaci ba. Ya ce in na sa hannu, zai ba ni takardar shaidar, kuma za a cire maganar sayar da magani daga fayil ɗina, kowa ya huta. Ya ce shi ya yi mini wannan ƙoƙarin, ba kowa zai samu ba.

Na ce ba zan sa ba. Ban san Mama na tsaye bayan labule ba. Ta fito ta tambaye shi da Yarbanci ko gaskiya ne abin da ta ji. Ya fara yi mata bayanin yadda ofis ke aiki. Ba ta bari ya gama ba, ta ɗauke kwanon da ke gabansa ta koma ciki. Tun ranar ba ta ambaci sunansa ba, kuma ba ta cin abinci sosai. Wannan ya fi korar yi mini ciwo.

Na raka shi ƙofa don kada maƙwabta su ga wani abu. A nan ya tsaya ya ce, "To Nike, faɗa mini, me kike so in ba ki mu shirya?" Na dubi fuskarsa ina neman alamar kunya ko izgili, ban ga ko ɗaya ba. Da gaske yake tambaya. Jira yake in faɗi wani abu, ya duba ko zai iya bayarwa. Na tsaya ina tunani, Rahma, na rasa abin da zan ambata. Ya jira, ya gaji, ya ce in na yi shawara in kira shi. Ya hau motarsa.

Shi ya sa na ce kada Malam ya wahalar da kansa. In ya je, Dapo zai karɓe shi da mutunci, ya tambaye shi me ya zo da shi.

Na yanke shawara zan zo Birnin Kebbi in nemi aiki a asibitocin kuɗi, ba takardar shaida, sai ta makaranta. Watakila a tambaye ni dalilin barin aikina, zan faɗi gaskiya, wanda ya yarda ya ɗauke ni. Ƙanwar Mama za ta zo daga Sharabi ta zauna da ita. Zan shigo motar safe ranar Alhamis in Allah ya yarda.

Ki gyara mini wuri ko a ɗakin yara ne. Abu ɗaya nake roƙonki: ranar da na iso, kada ki tambaye ni komai. Ki ba ni abinci, ki ba ni labarin unguwarku, ki bar ni in yi barci.

Ki gaida Malam da yara.

Taki,
Adenike