Na Aika Masa Tuwon Sallah, Ya Maido Min Kuloli Da Dabino

Assalamu alaikum Anti Larai. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana, don mu Hausawan Doha kowa ya san kowa. Tun ranar ƙaramar Sallah ban ƙara sa abinci a bakina na ji daɗinsa ba.

Ni 'yar Zariya ce, ina zanen lalle a wani shagon gyaran jiki na mata a unguwar Muntaza. Aurena ya mutu kafin in zo, ban haihu ba. Bara na haɗu da wani bawan Allah, Zulkiflu, mutumin Gusau, yana gadi a wani babban kanti. A jirgin metro ya ji ina waya da Hausa, ya yi min sallama. Tun daga nan duk Juma'ar da hutunmu ya zo ɗaya sai mu fita bakin teku, mu sha shayi, mu yi ta hira. Ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu na saɓon Allah. Yana da kunya, ga ban dariya, in madam mai shagonmu ta ɓata min rai shi nake kira. Gaskiya dai bai taɓa buɗe baki ya ce yana sona ba, ni ma ban tambaya ba. Gani nake abin a fili yake. Wa zai riƙa ƙarar da ranar hutunsa guda tilo a kan macen da ba ya so?

Da azumi ya kama, duk ranar da na samu sarari sai in dama kunun gyaɗa, in soya ƙosai, in aika masa unguwar Mansura inda suke zaune su shida a ɗaki. Na kuma sa wata mai dawowa daga gida ta taho min da hula aikin hannu, na ba shi.

Anti, kin san yadda muke yi. Mace ta kai tuwon Sallah gidan su saurayi, shi kuma ya yo kayan toshi. Jajibere wuni na yi a sunkuye ina yi wa Larabawa lalle har bayana ya ƙage, amma na daure na tashi na yi waina da tuwon shinkafa da miyar taushe. Adijatu, abokiyar zamana 'yar Zangon Kumasi, tana taya ni tana tsokanata wai amarya. Abokinsa Mudasiru direba ya zo ya ɗauka. Na yi wanka, na sa sabon leshi, na zauna jira. Na ga hoton Zulkiflu a waya a filin idi da hulata a kansa, har kunya ta kama ni ni kaɗai. Bai zo ba, wai an sa shi aiki.

Washegari Mudasiru ya dawo da kulolin an wanke su tas. A cikin leda ga kwalin dabino guda, da tambarin kamfaninsu a jiki, irin wanda ake raba wa ma'aikata. Sai saƙon Zulkiflu ya shigo, wai 'yan ɗakinsu sun sa albarka, Allah ya saka wa 'yar uwa da alheri. 'Yar uwa fa, Anti! Ko turmin atamfa babu, ko kwalbar turare, a garin da ko'ina ka juya turare ne.

Wallahi ba kayan nake kwaɗayi ba, ina da albashina. So nake in san matsayina. Kwantiragina ya kusa ƙarewa, madam ta tsare ni in faɗa mata ko zan ƙara shekara biyu. Da niyyata in koma gida, don shi na fara tunanin zama. Na riga na sanar da Mama akwai wani, ita kuma kullum sai ta tambaye ni me ya kawo na Sallah, har na fara gudun wayarta. Adijatu ta ce in manta, na Doha a Doha ake barin sa. Shi ko yana nan yana kira kamar ba a yi komai ba. In na ɗauka in ji haushin kaina, in na ƙi ɗauka in ji kamar ba ni da kowa a duniya. Na fara tunanin ko ni ce ba a yi ni don a so ni ba. Yaya zan yi?

Mai Lalle, daga Muntaza

*

Wa alaikumus salam ƙanwata. Share hawayenki, kuma ki tofar da wannan magana ta ƙarshe. Kwalin dabino bai isa ya yanke wa mace hukunci ba.

Zan faɗa miki gaskiya ko da ba daɗi. Kin ɗauko al'adar gida daga tsakiya. A Zariya kafin tuwon Sallah ya bar gida, saurayi ya sha zuwa zance, iyaye sun san shi, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ke kin tsallake wannan duka, kin aika tuwo ya yi miki tambayar da bakinki ya kasa, sannan kin zauna kina jiran atamfa ta kawo amsa.

Zulkiflu yana da uzuri. Ma'aikaci irinsa Sallah kan same shi hannu wayam, don na gida sun riga sun kwashe. Kuma Bahaushe ne, ya san toshi alkawari ne. Wanda bai shirya ba, gara ya ƙi yi da ya yi na ƙarya. Amma ban wanke shi ba. Wanda ya san ma'anar toshi ya san ma'anar hula da tuwo. Ya karɓa ya sa, ya ci ya suɗe hannu, sannan ya laɓe bayan 'yar uwa. In babu ce ta hana shi, baki ai ba a saye, sai ya zo da ƙafarsa ya faɗa miki.

Ga abin yi. Ki daina fakewa da ƙin ɗaukar waya. Ki haɗu da shi Juma'ar nan da rana, kada ki ko ambaci dabino, ki ce masa an ce ki zaɓa tsakanin zama da tafiya, kina so ki san ko yana da niyyar aure, kuma ko yana da iyali a Gusau, don ban ga inda kika ce kin tambaya ba. In da gaske yake, ya haɗa ki da magabatansa. In ya fara a bari a gani tukuna, to ita ma amsa ce, ki karɓe ta.

Maganar kwantiragi kuwa, ki auna ta da lafiyar bayanki da abin da kike son ginawa, ba da mutumin da bai ce komai ba. Mama kuma ki kira ta yau, ki ce kin yi gaggawar faɗa. Za ta yi faɗa, ta gama ta yi miki addu'a.

Ina jin kin san amsar da kike tsoro, shi ya sa kika rubuto mini maimakon ki tambaye shi. Ki tambaya duk da haka. Kukan mako guda ya fi miki sauƙi a kan shekara biyu kina zaman jiran gawon shanu a ƙasar mutane. Allah ya sanyaya zuciyarki, ya haɗa ki da wanda zai faɗa da bakinsa tun ba ki tambaya ba.

Taku,
Anti Larai