Wa Ke Taɓa Mini Kyamara?

Lahadi, 3 ga wata

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da yara, da fatan takardar nan ta same ku lafiya. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Mu nan sai godiya. 'Yan biyu sun fara haɗa magana, amma ban da uwarsu babu mai gane abin da suke faɗa. Baba yana nan yadda kika san shi, a kujerarsa ta falo, yana yi wa rediyo gardama.

Kin ce in riƙa rubuto miki, tunda a waya ba na cewa komai sai lafiya lau. To ga shi na rubuto, kuma da damuwa zan fara.

Maganar kyamarar da kika aiko mini bara ce. Kin san ƙungiyarmu ta masu sha'awar hoto, mu tara, da muke haɗuwa duk Asabar a bayan shagon Injiniya. Shi ne dogon nan da muka yi makaranta tare, wanda ya taɓa gyara miki dutsen guga, yanzu gyaran kyamara da waya yake yi. Makonni uku da suka wuce na ga wani ɗigo baƙi yana fitowa a gefen duk hoton da na ɗauka. Ya ce ƙura ce ta shiga ciki, in bar masa kwana biyu. Ta yi kwana huɗu a wurinsa. Ɗigon dai ya tafi, amma tun daga lokacin kyamarar ba ta koma daidai ba.

Batirin da nake yin mako da shi, yanzu in na cika shi ranar Talata, kafin Asabar ya yi rabi ban taɓa shi ba. In na sa ido a 'yar tagar da ake leƙawa, dishi-dishi nake gani, amma in hoton ya fito a allon baya garau yake. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lamba. Kyamara tana ba kowane hoto lamba a jere, ko an goge shi ba ta komawa baya. Hoton da na ɗauka na ƙarshe kafin gyara 4112 ne. Da na dawo da ita ta yi kwana biyar a kabad saboda jarrabawar ɗalibaina, ranar da na ɗauko ta sai ta ba ni 4187. Hotuna saba'in da huɗu, Yaya. Wa ya ɗauke su? Ina suke?

Ni dai zuciyata tana gaya mini Injiniya ya ba wani aronta ya je aiki da ita, kuma ya musanya mini batir da tsoho. Ban so in yi wannan tunanin ba, amma kwanan nan na ga ya rataya wani batir irin nawa sak a gilashin shagonsa.

Na ba Baba labari, ya ce maganina ke nan, mutumin da ya bar fim ya kama abin wasan yara. Har yanzu bai yarda hoton da ba a wanke shi a ɗaki mai duhu ba hoto ne. Shekara talatin ya yi yana sana'ar hoto, ba zan ja da shi ba.

Ki gaida maigidanki da yara.

Ƙaninki,
Auta


Litinin, 18 ga wata

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, takardarki ta iso. Na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi. Kin ce in bi a hankali, mutumin da na sani shekara ashirin ba a tuhumarsa kan lamba. Da ma ta iso da wuri.

Ranar Asabar, tara ga wata, muna zaune a bayan shago, ana musu kan wane gilashin kyamara ya fi kyau a ɗauki fuskar mutum da shi. Injiniya yana ta bayani, yana cewa amana ita ce jarin mai gyara. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba. Na ce to mai amana ya gaya mini inda hotuna saba'in da huɗu suka tafi, da inda batirina yake. Injiniya bai ɗaga murya ba. Ya tashi ya ciro batirin da ke rataye, ya ajiye a gabana, ya ce in duba, a cikin ledarsa yake ba a ko buɗe ba. Na ce leda ai ana sake liƙe ta. Ya dube ni ya ce, "Auta, daga yau kada kyamararka ta sake shigowa hannuna." Na kwashi jakata na fito. Babu wanda ya biyo ni.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce na yi daidai. Amma da na dawo gida na rubuta lambar ƙarshe a bayan littafin darasina, na sa kyamarar a kabad ɗin falo, ban taɓa ta ba har Alhamis. Da na kunna, ta ƙaru da goma sha tara. Katin kuwa wayam, babu komai a kai.

Wato a gidan nan ake taɓa ta.

Kwana biyu ina kallon kowa. Maƙwabcinmu direba yana shigowa gaida Baba, amma ba ya wuce bakin ƙofa. Saura maman 'yan biyu. Na tambaye ta a kicin tana yanka albasa, ta ce ita ba ta taɓa mini kaya ba, ba ta ko ɗago kai ba. Na ce to waye? Ta ce in tambayi wanda ya taɓa. Kin san ta, ba ta iya ƙarya ba, amma ta iya shiru. Yadda ta yi shirun ne ya dame ni. Akwai abin da ta sani. Me za a ɗauka a gidana har sau goma sha tara a goge kafin in dawo daga makaranta? Wa ake ɗauka? Wa ake nuna wa? Ina jin kunyar rubuta miki abubuwan da suka zo mini a rai, don haka ba zan rubuta ba.

Tun ranar magana tsakaninmu ba ta wuce ga abinci, an gode. Kada ki kira ta a kan wannan, don Allah.

Naki,
Auta


Laraba, 27 ga wata

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Faɗan da kika yi mini a takardarki na karɓa, ban da ta cewa.

Ranar Juma'a Tela ya zo har makaranta ya same ni. Shi ne babba a ƙungiyarmu, dattijo mai kaurin tabarau, tsuntsaye kawai yake ɗauka. Ya ce ba sulhu ya zo yi ba, kyamarar ya zo gani. Ya cire tabarau ya leƙa, sai ya yi dariya ya ce shi kam garau yake gani. Ya nuna mini wani ɗan ƙaramin abin murzawa a gefen tagar leƙawa, bai kai ƙwayar wake ba. Shekara guda ina riƙe da kyamarar nan ban san aikinsa ba. Ashe da shi ake daidaita tagar da ƙarfin idon mai leƙawa. An murza nawa har ƙarshe. Ya mayar mini da shi tsakiya, nan take komai ya washe. Ya ce babu abin da ya lalace, wanda ke amfani da ita dai idonsa ba irin nawa ba ne.

Na kai ta gida na ajiye, na ɗaura siririn zare a zik ɗin jakar. Litinin na tarar zaren ya tsinke, an sake murza abin har ƙarshe.

Maman 'yan biyu tana zura zare a allura ko da magariba. Mai raunin ido a gidan nan mutum ɗaya ne zai iya zama. Na same ta na ce, Baba ne ko? Ta ajiye tsintsiya ta ce ita dai an sa ta yi alkawari, kuma da na tambaye ta da mutunci tun farko, da ta nuna mini hanya ba tare da ta karya shi ba. Na ba ta haƙuri. Ta ce ta ji, amma ban ga alamar ta huce ba.

Da yamma na zauna kusa da Baba na ce, wai kuwa ko ya taɓa gwada kyamarar nan? Ya ce shi da abin wasan yara? Ya ƙara wa rediyo murya.

Yanzu kuma wani zargin ya taso mini. In sha'awa ce, me zai sa ya goge? Me yake ɗauka da ba ya so in gani? Kwanan nan na lura ya daina fita shi kaɗai, sai in direba zai fita su jera. Ko wani ne yake sa shi ɗaukar takardun gidan nan? Kin san takardun suna cikin akwatinsa, kuma ba ya bari kowa ya buɗe.

Tela ya ce hoton da aka goge yana nan a kati muddin ba a ɗora wasu a kansa ba, akwai manhajar da ke dawo da shi. Mutum ɗaya ne a cikinmu yake da ita, kuma kin san ko waye. Gobe zan je. Ban san da wace fuska zan shiga shagon ba.

Auta


Asabar, 7 ga sabon wata

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Babu wanda ya rasu, amma ki zauna.

Na je wurin Injiniya. Na tsaya a bakin kanta har ya sallami mutum uku bai dube ni ba. Na ce na zo ne in ce na zalunce shi, kuma a gaban mutanen da na faɗa zan janye. Ya ce ya rantse ba zai taɓa kyamarata ba. Na ce kati ne kawai. Ya miƙo hannu. Ya sa shi a kwamfuta, muka zauna kusan minti arba'in, hotunan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Na farko kwalbar maganin hawan jinin Baba ce, an ɗauki rubutun jikinta kusa-kusa. Sai agogon bango. Sai shafin jarida, kashi-kashi, sama da tsakiya da ƙasa. Lambar wayarki da na rubuta masa a jikin kalanda. Kwanon abincinsa daga sama. Rabinsu a karkace, wasu ƙafar kujera kawai suka kama. Daga nan sai fuskoki. 'Yan biyu suna wasa a tabarma, ya fi sau talatin, ɗaya bayan ɗaya, yana neman wadda ta juyo. Maman 'yan biyu tana shanya. Har da ni, ta taga, ina tura babur zan fita.

Injiniya ne ya fara ganewa. Ya danna hoton kwalbar ya ƙara masa girma har harafi ɗaya ya cika allon, ya ce, "Ba hoto yake ɗauka ba. Karatu yake yi." Yaya, Baba ba ya gani. Yana ɗauka ne ya jawo abin kusa a allon baya, ya kai shi dab da idonsa, ya ga awon maganinsa, ya ga ƙarfe nawa, ya bambance jikokinsa. In ya gama ya goge. Ni kuwa ina gefe ina ɗaura zare a zik.

Na yi kuka a shagon mutane. Injiniya ya sauke labule ya bar ni.

Da na koma gida ban yi wa Baba tambaya ba. Na ɗauko kyamarar na ɗora masa a cinya, na ce an dawo da hotunan. Ya daɗe yana shafa ta da yatsa. Sannan ya ce wata takwas ke nan, kamar hayaƙi ya fara, yanzu idon hagu sai haske da duhu kawai. Ya ce mutumin da ya ci abinci da idonsa shekara talatin, ba ya so a fara riƙe masa hannu ana cewa ga mataki nan, Baba. Maman 'yan biyu ta taɓa kama shi da kyamarar, ta ɗauka kunya yake ji kada a ga ya so abin da ya raina, shi ya sa ta rufa masa asiri. Ita ma ba ta san na idon ba. Da ta ji, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Shekaranjiya muka kai shi asibitin ido, Injiniya ne ya kai mu a motarsa. Har yanzu ba ya yi mini wasa kamar da, amma ya zo, kuma yau na tsaya a gaban 'yan ƙungiya na faɗi abin da na yi masa. Likita ta ce na dama yanar ido ce, za a cire, kuma tana sa ran zai gani sosai. Na hagu akwai wata cutar a bayan yanar, an makara, ba ta yi mana alkawarin komai ba. Ta tambaye ni yadda aka yi muna gida ɗaya ban lura ba.

An sa aikin ranar ashirin da biyu ga wata, washegari za a cire bandejin. A hanyar dawowa na ce masa zan sa ki turo hotunanki da na yara, ya gani in an buɗe idon. Ya ce a'a. Ya ce in rubuta miki haka, kada in canza ko kalma ɗaya: ya gaji da kallon 'ya'yansa a allo, ki zo da ƙafarki ki tsaya a gaban gadon.

Na share miki ɗakin baya. Ki gaya mini ranar da za ki taso in tare ki a tasha.

Ƙaninki,
Auta