Reshen Sankayo na Jikata

Litinin, 2 ga Satumba

Na yi jika! 'Yata Sabina ta sauka lafiya a asibitin gari, mace. An ce jaririyar ta zo da wuri, ba ta fi ɗan zomo ba. Sunanta Eulalia. Na rubuta sunan sau bakwai da hannuna. Ajin manya da na yi shekara uku ina zuwa da yamma bai tashi a banza ba.

Talata, 3 ga Satumba

A gidanmu duk wanda aka haifa sai an dasa masa sankayo, wani tsiron dutse mai ƙaya da ba ya son ruwa da yawa, a bakin katangar garken lama, dabbobinmu masu kama da ƙananan raƙuma. Na sari reshe daga na mahaifina, mai ƙaya kamar allura. Matata Fortunata ta ce, "Tsoho, bar shi ya sha iska sati biyu, bakin saran ya bushe." Na ce shekara sittin ina kan dutsen nan, ba za a koya mini ƙaya ba. Na dasa, na kwarara masa ruwa. Abin jikata ba zai kwana da ƙishi ba.

Lahadi, 8 ga Satumba

Reshen yana tsaye kyam. Ni ma haka.

Asabar, 21 ga Satumba

Gindin ya yi baƙi, na danna yatsa ya lotsa. Eulalia har yanzu tana cikin kwalba a asibiti. Ban faɗa wa kowa abin da ya zo mini a rai ba. Ban iya cin dankalin rana ba.

Laraba, 25 ga Satumba

Reshen ya faɗi. Ina tsugune a kansa sai ga Fortunata ta sauko da wani reshe daga kan rufin ɗaki, bakinsa a bushe ƙamas. Ashe tun ranar ta sari nata. Ta ce, "Malamin boko, matsa. Kuma in na ga tulu a hannunka, kai zan juye wa." Ta dasa shi da hannunta.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

An kawo Eulalia gida. Kuka kamar ta tsaga dutse! Ta kama gemuna ta ƙi saki. Na mahaifina ya yi fure rawaya, sabon kuma ya fid da toho ɗaya. Maƙwabcinmu Hilarión ya tambayi wa ya dasa, na ce mu ne.

Ya ce zai sari nasa gobe. Na ce ya bar shi ya sha iska sati biyu. Fortunata tana tsefe ulu, ba ta ko ɗago kai ba.