Allon Wadia da Jakata Mai Nauyi

Maamobi, Akra.

Zuwa ga ƙanena Zulkifli,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Nasiha da ɗan baƙonmu Sadiƙ. Allah ya raya shi, ya sa mai jin ƙan iyaye ne, ya kare ku daga sanyin Jamus. Mu nan sai godiya. Maigidana Malam Issifu ƙafarsa ta yi sauƙi, har ya koma mahauta. Kasuwar Nima tana nan yadda ka san ta, ranar Laraba ba wurin sa ƙafa, gero da wake kuma suna tafiya daidai gwargwado. Kada ka yi mamakin ganin takarda. Da gangan na ƙi yi maka saƙon murya, domin duk abin da ya shiga waya a gidanmu, kafin azahar ya zaga dangi.

Na san kwana tara ke nan kana kiran Mma a ƙauye ba ka samu. Kwantar da hankalinka, lafiyarta ƙalau. Dalilin yana wurina, amma sai ka bari na faɗi abin da ke cina tukuna.

Ka tuna laftof ɗin da ka aiko mini shekara bakwai da suka wuce. Tun daga ranar, duk bikin da aka yi ko suna, a nan ko a can wajenku, ni ce mai kai wa Mma ta gani. Ina naɗe shi cikin zane, in rungume shi a cinya tun daga Akra har Walewale, in sake hawa babur da shi zuwa ƙauye. Batirinsa ya daɗe da mutuwa, saboda haka sai mun jira wuta, wani lokaci kwana biyu. Ni kuwa jiran nan shi ne ribata. Ina kwana ɗakin Mma, in tsefe mata kai, in dama mata koko. Idan wuta ta zo in zauna kusa da ita, tunda idonta ya yi rauni, ina gaya mata wannan wance ce, wancan ɗan wane ne. Kuma ka san halin Malam, ba ya barina tafiya don ganin gida kawai. Amma idan na ce saƙon Zulkifli ne zan kai, ba ya cewa uffan.

Sai ga shi bana ka aiko wa autarmu Wadia tabilet, ɗan allon nan da bai kai faranti ba. Ni da na yi shekara bakwai ina dakon kayanka, ko a gaya mini! A bakin maƙwabciya na ji. Na haɗiye, na ce ba komai, yarinya ce mai karatu. Da hotunan sunan Sadiƙ suka iso muka kama hanya tare. Wallahi Zulkifli, tun a tasha raina ya fara ɓaci. Ita ta zura nata cikin jakar hannu tare da man leɓe, ni ina nishi da jaka kamar mai ƙaura. A mota tana kallo, tana dariya, tana nuna wa matar da ke gefenta inda muka kai a taswira. Da muka tsaya salla a Kintampo ta yi tsalle ta sauka hannu sake, ni kuwa har wajen alwala da kayana a kafaɗa. Ta dube ni ta ce in da na sani da na bar tsohon nan a gida ya huta. Maganar nan ta tsaya mini a rai har Tamale.

Muka isa ƙauye an ɗauke wuta. Na ce to, a jira kamar kullum. Ina! Ko mayafi Wadia ba ta cire ba ta haye gadon Mma ta ɗora mata allon a hannu. Ta koya mata yadda ake buɗa yatsu biyu fuska ta girma. Mma ta ja fuskar Sadiƙ har ta cika allon, ta kai shi dab da idonta, ta ce kunnen marigayi Baba ne sak, ta fashe da kuka. Ba ta tambayi kowa wane ne wannan ba, da kanta ta gane. Daga nan Wadia ta kira ka. Kai ka san sauran, tunda kana ciki: Mma tana shafa fuskarka, Kawu Fuseini yana leƙe, matan gida sun cika ɗaki. Abin da ba ka gani ba shi ne ni. Ina bakin ƙofa a kan turmi, da jakata a cinya, ban ko zuge ta ba. Har aka gama ba ka tambayi ko na iso ba.

Kishi na ji, ba zan ɓoye maka ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mace da ta aurar da 'ya tana kishin ƙanwar da ta goya, da wani ɗan allo! Na yi ta istigfari, abin bai sauka ba. Washegari Mma ta ƙarasa ni. Ta kama hannuna cikin tausayi ta ce Allah ya hutar da ni, tunda ka ce Wadia ta bar mata allon, ita Wadia za ka aiko mata wani, ba sai na riƙa wahalar da kaina a hanya ba, kullum za ta gan ni a ciki. Ta ɗauka albishir take yi mini. Kawu Fuseini kuma ya ƙara da cewa zai sanar da Malam, shi ma ya huta da rashina.

To, ga abin da na yi. Da safen da za mu taso, ina haɗa kaya, na ga cajar allon a kan taga. Na ɗauka na tura cikin jakar laftof. Ba kuskure ba ne, ina sane, har na waiwaya ko wani ya gan ni. Allon ya yi kwana biyu ya mutu. Kawu ya aika aka sayo wata a kasuwa, ta ƙi yi. Wadia ta zazzage jakarta sau uku tana kuka, tana cewa ita ta yar, ni ina tsaye ina taya ta nema. Yanzu haka cajar tana cikin kwallata, ƙarƙashin zannuwa. Jiya Kawu ya kira ya ce Mma tana ajiye allon kusa da matashinta, tana shafa shi, tana tambaya ko yau yaron zai fito. Tun da na ji haka abinci ya ƙi shiga.

Na san na yi laifi, ka yi faɗa yadda ka ga dama, na cancanta. Wadia ma zan gaya mata da bakina. Ba na so in raba Mma da jikanta. Amma ka duba, kai teku ce ta raba ka da ita, dole ka zauna cikin gilashi. Ni kwana ɗaya ne a mota. Gilashi ba ya tsefe kai, kuma zumunta a ƙafa take. Mma ta tsufa, ban san sau nawa ya rage mini in kwana ɗakinta ba.

Alfarma ɗaya nake roƙo. Wadia ta ce ranar Juma'a za ta sayi sabuwar caja ta ba direba ya kai. Ka hana ta. Ka kira Malam da kanka, ka ce masa saƙonka ne, kuma ba ka yarda da hannun kowa ba sai nawa. Zan kai cajar da kaina, in durƙusa in gaya wa Mma inda ta kwana. In ta yafe, ni zan jona mata, ni zan riƙe mata allon ku gaisa. In ya so ranar ka tambaya ko na iso.

Ka gaishe mini da Nasiha, ka ce ina yi mata barka da arziki, ka shafa mini kan Sadiƙ. Malam Issifu yana gaishe ka, bai san komai ba tukuna. 'Yata Zalia da mijinta suna miƙa gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri, amin.

Taka yaya,
Azara