Sabbin Haƙora, Tsohon Ƙaho

Ranar Talata

Zuwa ga Malama, uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya jikinki? Yaya ƙafar nan da ke damunki in kin daɗe tsaye gaban allo? Yaya 'yan ajinki? Ni lafiya lau nake, sai dai baki.

Kin ga na koma rubuta wasiƙa kamar lokacin da nake nemanki. Dalilin kuwa kin san shi. Shekaranjiya da na kira ki a waya, sau uku ina cewa sannu da aiki, ke kuma kina ta dariya har da tari. Ban ji haushi ba. To, na ji kaɗan. Wanda aka cire wa haƙoran gaba huɗu ba shi da abin faɗa a waya.

Tun da na zo garin nan gyaran haƙora, Auta tana kula da ni yadda ƙanwa ta gari ke kula da yayanta. Ta ba ni ɗakin baƙi, kullum shayi da burodin da aka jiƙa, kamar jinjiri. Akwai abin da na ɓoye miki: na taho da ƙahona a ƙarƙashin kaya. Jiya na tambayi likita yaushe zan koma busa. Ya ce shekara nawa na yi ina busawa, na ce talatin da biyu a badujalar 'yan sanda, shida bayan ritaya. Sai ya ce, "To Baba, ƙaho ya ci rabonsa. Haƙoran roba na cin abinci ne da murmushi." 

Daga nan aka tura ni ɗakin baya inda ake gwada baki. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, ko'ina farin gari, ga haƙoran mutane jere a kan kanta kowanne da lambarsa. Mai aikin wani dattijo ne mai furfura, kowa Maƙeri yake ce masa. Wani kiɗa na tashi daga tsohon garmaho a kusurwa, ƙaho da ganga da fiyano, kowa na tafiyarsa amma ba sa karo. Maƙeri ya ɗaga leɓena na sama, ya ga kantar nan da kike cewa tambarin aikina, ya ce, "Kai mai busa ne." Na ce a da ke nan. Ya ce, "Wa ya ce a da? Likita ya san ciwo, ni na san haƙori." Ya ce kiɗan da nake ji sunansa jaz, in dawo ranar Juma'a da ƙahon a hannu.

Ban sa rai ba, kada ke ma ki sa. Ki gaida yara in sun kira.

Mijinki,
Sajan

Ranar Litinin

Malamata,

Ina gaishe ki da kyau. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi. Kin ce tun ranar da na tafi kika ga wurin ƙaho a kan kabad babu komai, kika yi shiru kawai. Ashe ban ɓoye komai ba.

Sati uku ke nan muna fama ni da Maƙeri. Haƙoran farko, ina busawa suka zame, ƙaho ya yi wani kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Na biyu sun zauna amma suka yanke mini dasashi, kwana huɗu ban taɓa ƙaho ba. Na ukun ya yi musu ƙugiyoyin ƙarfe da ke riƙe da turame, ya kankare gabansu daidai da bakin ƙahona. Ranar da na sa su na busa, sauti ya fito sumul. Na juya baya ina gyaran maɓalli don kada ya ga idona.

Duk lokacin hutun rana yakan rufe ƙofa ya ɗora mini faifai. Bawan Allah nan yana da faifai sun fi ɗari uku, kuma in ya fara bayani sai an zo an buga ƙofa. Ya fara da mafi tsufa, ina ji na miƙe tsaye, don tafiyar fareti ce sak, sai dai an sassauta mata ɗamara. Ya ce ai daga badujala irin tamu abin ya tsiro, a hannun baƙaƙen fata na can ƙetaren teku, suka gauraya shi da waƙoƙinsu na kukan zuci da suke kira bulus. Sai ya sa wanda ake kira suwin, na manyan ƙungiyoyi, mutum goma sha biyar ko fi, kiɗan rawa ne mai lilo. Wannan da kina nan da kin ajiye jaka kin taka. Sai bibob, na mutum huɗu ko biyar, gudu kamar an biyo su. Akwai kuma wani da ya tsinke igiya gaba ɗaya, kowa na ihu da abin busarsa. Na ce wannan kam faɗa ake yi a tasha. Ya ce in ba shi shekara biyu zan gane. Na ce ya riƙe abinsa.

Yanzu ga abin kunyar. Ashe Maƙeri da kansa makaɗi ne, yana kaɗa ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana jan tsirkiyarsa da yatsa. Duk Lahadi da la'asar suna haɗuwa a garejinsa. 'Yarsa, wadda suke kira Lauya don aikinta ke nan, ita ke fiyano kuma ita ce shugaba. Mai ganguna wani direban bas ne, Direba ake ce masa. Jiya suka gayyace ni. Aka ba ni takardar waƙa, na busa ta daidai, ko ɗigo ban bari ba. Ina jin kaina. Sai Lauya ta ɗaga kai ta ce, "Baba Sajan, bismilla, filinka ne." Na duba takarda, babu komai, an ƙare. Na ce me zan busa? Ta ce, "Abin da ke ranka."

Malama, suna ta kiɗa suna jirana, ni kuwa ina tsaye ƙiƙam da ƙaho a baki. Shekara talatin da biyu ba a taɓa tambayata abin da ke raina ba. In ka ƙara sauti ɗaya a fareti, sai ka share bariki. Da na ga shiruna ya yi yawa sai na sake busa abin da ke takardar. Lauya ta tsayar da kiɗa ta ce, cikin ladabi amma ba wasa, "Baba, wannan mun riga mun ji shi."

Na dawo gida na haɗa kayana. Auta ta shigo ta ga jaka, ta zazzage ta a kan gado ta ce, "Yaya, ba inda za ka." Yarinyar da na goya!

Ki yi mini addu'a.

Naki har kullum,
Sajan

Ranar Alhamis

Zuwa ga Malama,

Gaisuwa da begen ganinki. Ina fata jarrabawar yara ba ta hana ki hutawa ba. Na ga abin da kika rubuta, wai mutumin da ke iya yin awa guda yana musu a kan yadda ake ninke tabarma ba zai ce ba shi da abin faɗa ba. Na karɓa.

Kin san Direba ma kusan haka ya ce? Na koma garejin da ƙyar, ya ja ni gefe ya ce, "Sajan, in madam ta yi maka magana a gida, takarda kake dubawa kafin ka amsa?" Na ce ina fa. Ya ce to shi zai yi magana da ganga, ni in ba shi amsa. Ya buga uku, na busa uku. Ya buga biyar da ɗan tsokana a ƙarshe, na mayar masa da tsokanarsa. Kafin mu ankara mun yi minti goma muna cacar baki, Maƙeri na dariya har ya jingina da gogensa.

Amma da saura. Na so in yi bibob don in nuna wa Lauya ni ma ba baya ba ne. Leɓena ya ƙi. Sautin sama da nake kaiwa da, yanzu ko rabinsa ba na kaiwa, in na matsa sai haƙora su fara motsi. Na gaya wa Maƙeri gaskiya. Sai ya ɗauko wani faifai da bai taɓa sa mini ba. Wani mai ƙaho ne da ya toshe bakin ƙahonsa da wani ɗan murfi, yana busa a hankali, sauti ɗaya, ya yi shiru, sauti biyu, ya sake yin shiru, kamar mai faɗin magana mai nauyi yana zaɓen kalma. Ya ce wannan salon shi ake kira mai sanyi. Na ce a sake sawa. Sau biyar aka sake. Malama, ashe akwai masu busa da shirunsu ma kiɗa ne.

Ya ara mini irin murfin. Yanzu kullum da hantsi, in Auta da mijinta sun tafi aiki, sai in shiga ɗakin ajiya tsakanin buhun shinkafa da tsohon keken ɗinki in yi ta yi. Wani lokaci abin da ke fitowa shirme ne. Wani lokaci kuma sai in ji na busa wani abu da ban taɓa ji a ko'ina ba, in tsaya ina mamakin daga ina ya zo.

Ranar Asabar ta sama za su yi wasa da rana a zauren babban ɗakin karatu, mutum wajen ɗari biyu ake sa rai. Lauya ta ce ba ta yi alkawari ba, sai ta ji ni ranar Lahadi. Yarinyar nan da ta shiga ɗan sanda da ta yi kwamishina.

Ki kula mini da kanki.

Mijinki,
Sajan

Ranar Lahadi

Malama! Malamata!

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta kowa da kowa, amma ki yi haƙuri yau gaisuwar gajera ce, labari na cina.

Ta sa ni! Waƙa ɗaya ta ba ni, ta ƙarshe, bulus mai tafiyar hawainiya. Jiya ƙarfe huɗu zaure ya cika, har da masu tsayuwa a jikin kantocin littattafai. Auta da mijinta suna layin gaba. Na sa baƙar kwat ɗin mijin Auta, hannun ya ɗan yi mini gajere. Na zauna a gefe ina jiran lokacina. Ni da na yi busa a gaban manya ba adadi, ban taɓa jin tsoro irin na jiya ba, don da in an yi kuskure na mutum arba'in ne, jiya kuwa nawa ne ni kaɗai.

Lauya ta kira ni. Muka yi farkon waƙar tare, wanda ke rubuce, lafiya lau. Sai ta ɗaga kai ta dube ni. Na rufe ido na fara a hankali, sauti kaɗan kaɗan. Zaure ya yi tsit. Ina cikin tafiya sai zuciya ta ɗebe ni na nemi sautin sama, haƙora suka ɗan motsa, sautin ya fashe, ya fito a karkace kamar muryar wanda kuka ya shaƙe. Kowa ya ji. Na ji wata mata ta ce wayyo.

Da a fareti ne, shi ke nan, an gama da ni. Amma kafin in sauke ƙaho sai na ji Direba ya buga irin fashewar nan a kan gangarsa, daidai ita, kamar yana tambayata me na ce. Sai na maimaita ta, da gangan wannan karon. Ya sake amsawa. Na sake, na ja ta, na lanƙwasa ta, na gangaro da ita ƙasa inda leɓena ke da ƙarfi. Maƙeri ya biyo ni da gogensa, Lauya ta shimfiɗa mana hanya. Daga nan ban san abin da na busa ba. Na dai san na tuna ɗakinmu na farko a bariki, da ranar da aka haifi babbar 'yarmu ina wajen aiki, da abokaina na badujala da suka riga mu. Duk na faɗe su, kuma ba wanda ya ce in tsaya. Zagaye biyu na waƙar aka ba ni, Lauya ta yi mini alama da kai in ƙara, na yi huɗu.

Da na sauke ƙaho, sai zauren ya tashi gaba ɗaya. Tsaye, Malama! Auta tana tafi tana kuka tana gaya wa na kusa da ita, "Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya!" Wani tsoho da sanda ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce shekara nawa na yi ina jaz. Na ce wata biyu. Ya ce in ji tsoron Allah in daina ƙarya da furfurata.

Muna haɗa kaya Lauya ta zo ta tsaya a gabana. Na ƙame, na zaci gyara za ta yi mini. Sai ta ce, "Baba Sajan, Asabar ɗin farko ta kowane wata muna nan. Ƙungiyar nan ba ta da mai ƙaho, yanzu ta samu, in ka yarda." Na ce mata ni ma ina da shugaba a gida, sai na nemi izini.

To ga shi na nema. Ina tafe ranar Alhamis a motar safe. Wata mai zuwa kuwa tare za mu zo, an gama jarrabawa, ba ki da uzuri. Na riga na gaya wa Lauya ta ajiye kujera ɗaya a layin gaba, ta tsakiya, kuma kowa ya zo ya tambaya a ce masa ta matar mai ƙaho ce.

Mijinki mai ƙaunarki,
Sajan