Tsakuwar da Inna ta ɗaure a bakin zani

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, da fatan kowa yana lafiya da iyalinsa. Don Allah a ɓoye sunana. Wanda kuma bakinsa ke ƙaiƙayin zagi ya daure ya kai ƙarshe tukuna, domin babu sunan da zai kira ni da shi wanda ban riga na kira kaina ba.

Ina aiki a wani ƙaramin asibitin haƙori a Gwarzo. Ni ba likita ba ce, ni ce mai haɗa abin da muke kira hula, wato murfin da ake kifa wa haƙorin da ya lalace don ya ci gaba da tauna. Amma a garinmu Masanawa kowa Likita yake ce min, kuma Babana ne ya fara. Shi ya tsaya tsayin daka na yi karatu lokacin da 'yan'uwansa ke masa dariya. Ranar da na kama aiki, daɗi ya kwashe ni, na buɗe baki a gaban dangi na ce, "Baba, in Allah ya yarda ni zan kai ka Makka." Yau shekara shida, ko hanyar filin jirgi ban nuna masa ba.

Bara haƙorinsa na sama, wanda ke bin fiƙa, ya hana shi sakat, na kawo shi wurinmu. Likitanmu ya cire jijiyar, sannan ya ja ni gefe ya ce, "Haƙorin da aka cire wa jijiya kamar busasshen icce yake. Ga mutum mai kwance igiyar shanu da baki, ga goro, ga rake. Ki yi masa hular ƙarfe. Ta tangaran sai an ƙara kankare haƙorin, kuma a bakin nan ba za ta jure ba." Wallahi na san gaskiya ya faɗa, a makaranta ma haka aka koya mana. Amma me na hango? Na hango ƙarfe yana walƙiya kamar azurfa, daidai wurin da alhazai ke sa haƙorin Makka. Na hango Baba a kasuwa, abokan wasansa sun sa shi gaba: "Alhaji, yaushe aka sauka? Ashe jirgin a Gwarzo yake juyowa?" Shi dariya zai yi, na san halinsa. Ni ce ba zan iya ba. Duk murmushin da zai yi, sai gari ya tuna alkawarin da na kasa cikawa.

Na koma na same shi a zaune, ya tuɓe takalma kamar wanda ya shiga masallaci. Da yake sunan mahaifiyarsa gare ni, sai ya ce, "Uwata, wacce ta fi ƙarko? Ni ba kyau nake nema ba, kyau ya wuce ni." Na dubi tsabar idonsa na ce, "Farar, ta tangaran, Baba. Ta fi ƙarfe ƙwari." Na juya wurin likita na ce tsohon ya ƙi ƙarfe a bakinsa, na yi na yi ya ƙi. Ƙarya biyu kafin azahar, kuma ko muryata ba ta yi rawa ba.

Hular ta yi kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba. Wata goma sha ɗaya Baba yana ɗaga leɓe yana nuna wa mutane, wai su nemo na 'yarsa a cikin na Allah.

Sati uku da suka wuce yayana ya kira ni. Suna cin shinkafa da wake da rana, Baba ya ji ƙaras, ya tofo wani farin abu mai tauri, jini ya biyo baya. To, ku da ba ku san Innata ba: a regaya babu kamarta a unguwarmu. In ana biki, ita ake ajiye wa ƙwarya da buhun shinkafa, domin abin da ya ratsa hannunta ko jariri ya ci ba fargaba. Da wannan ake saninta, da shi take taƙama, ba ta da wani abin bayansa. Ranar nan Baba, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, ya ajiye farin abin a gabanta, ga 'ya'ya ga surukai, ya ce, "Shekara arba'in, yau kin ba ni dutse."

Da aka kawo shi asibiti sai na leƙa bakinsa. Ta waje hular lafiya lau. Ta ciki, ɓangaren da ke kallon ganda, ta ɓare, tsagar ta bi haƙorin har saiwa. Likita ya yi min wani irin kallo, da ma zagina ya yi. Aka cire haƙorin. Baba da auduga a baki yana ce masa, "Ka ga aikin 'yata? Dutse ya fasa saiwa, amma hular ko gezau." Ni ke riƙe da farantin da aka ɗora haƙorin. Kun san abin da na yi? Na sa yatsa na kifar da haƙorin, ɓarin ya koma ƙasa.

Ranar Juma'a na je gida. Inna ta bar wa matar yayana girki. An aiko mata da regayar wani biki a Garo, ta ce a ba su haƙuri. Baba ba ya fushi, amma na ga yana laluba abinci da yatsa kafin ya kai baki, ita kuma tana kallonsa daga bakin ƙofa. Ta rame. Ta kira ni ɗaki ta ce, "Idona ya tafi, 'yar nan. Ba na ganin abin da nake gani da." Sai ta kwance bakin zaninta ta ɗora min abin a tafin hannu. "Ke da kika yi karatu, duba min. Sau uku na rege shinkafar nan. Wace irin tsakuwa ce wannan da ta ƙi kwanciya a gindin ƙwarya?"

Jama'a, ta yaya ba zan gane ta ba? Ni na haɗa launinta. Ga sheƙin da na gasa mata, ga ɗan kwarin da na zana da hannuna don abinci ya samu wurin zama. Babu tsakuwa a shinkafar Inna, ko ɗaya. Ƙwayar wake kawai Baba ya tauna, aikina ya fashe. Na buɗe baki zan faɗa, na rantse zan faɗa, sai na ji kaina ina cewa, "Irin ta rafi ce, Inna, ba ta da nauyi."

Tun ranar ba na jin ɗanɗanon komai. In na faɗa, Baba zai san ya kunyata matarsa a gaban surukai a kan ƙaryar 'yar da yake alfahari da ita, zai kuma tambaye ni dalili, in ce masa me? In ce na sadaukar da haƙorinsa don kada a tsokane ni? In na yi shiru, Inna za ta ƙare rayuwarta tana zargin idon da lafiyarsa ƙalau. Haƙorin ya tafi, ba ya dawowa. Ko yau na kai Baba Makka, maganar da ya faɗa mata ba za ta koma ciki ba. Na duba gabas na duba yamma ban ga inda zan fita ban karya zuciyar ɗayansu ba, kuma ina jin tsoron haɗuwata da Allah.

Da zan taho na roƙi Inna ta ba ni abin in yar. Ta ce a'a, tana so ta riƙa ganinsa don kada wata rana ta manta ta ce za ta sake yi wa Malam girki. Ta mai da shi bakin zani, ta yi masa ƙulli biyu.

Don girman Allah, me zan yi?