Kada Ka Ba da Kaset na Biyu

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Umma da ciwon ƙafar nan? Ka ce mata ina cin abinci sosai. Mu biyar ne a ɗaki, amma katifata tana gefen taga, to ba laifi.

Na ji za ka ba ɗan maƙwabta kaset ɗin gem na biyu, wai ya cika wahala. A shagon da nake goge tsofaffin na'urorin gem ma kullum musun ke nan. Maigida ya ce na biyun mugunta ce kawai, kana mutuwa a mayar da kai farko. Wani kwastoma ya ce, "Haba maigida, kai dai yatsunka ne suka tsufa!" Ni na lura masu zaginsa duk masu gaggawa ne. Na biyun so yake ka tsaya ka ga yadda dodon wasan ke ɗaga hannu kafin ka kai sara.

Amma ba don wannan na rubuto ba. Wasan marigayi Babban Yaya yana ajiye a ciki da sunansa, ya tsaya a bakin gadar ƙarshe. Wani ɗan batir da ke cikin kaset ɗin ne ke riƙe da wasan, in batir ɗin ya mutu shi ke nan. A shagon nan na koyi canza shi ba tare da wasan ya goge ba.

Kada ka bayar, kada ka kwance. Allah ya yi maka albarka. Ka bar shi a bakin gadar, in na dawo mu haye da shi.

Yayanka